Saƙon Gwaji a Wayar Baba

Suna tsaka da karin kumallo wayoyin gidan suka ɗauki ƙara a lokaci guda, kamar an haɗa baki. Ta Baba a kan tebur kusa da kofin shayinsa, ta Umma can cikin kicin, ta Yaya a aljihu, ta Gwaggo a gefen cinyarta, sai ta Auta da ke hannunta. Auta ce ta fara dubawa, ita ce kuma ta fara jin wuta ta ɗauke mata.

Gwaggo, yayar Baba, ba ta ganin rubutu in babu tabarau, amma rashin tabarau bai taɓa hana ta sanin sirrin kowa ba. Ta miƙa wa Yaya wayar ta ce ya karanta mata. Shi kuwa Yaya, babban wan Auta, wanda bai taɓa samun damar ɗaga murya ya bari ta wuce shi ba, ya gyara tsayuwa ya karanta da ƙarfi, yana jan kowace kalma:

"Lokacin shan magani ya yi. Amma ni dai maganina ke ce, Auta, safe da rana da yamma, kafin abinci da bayan abinci. Naki, Caja."

Umma ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Baba ya cire tabaransa, ya ninke, ya ajiye a hankali, irin ajiyar da duk ɗan gidan ya san abin da ke biye da ita.

"Wane ne Caja?"

To, ga yadda abin yake. Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karantar kimiyyar kwamfuta. Ɗaliban sashen suna da kulob da ke zama kowace Asabar a wani ɗaki bayan ajujuwa, mai fanka ɗaya mai kuka da soket ƙwaya biyu masu aiki. Babu malamin da ke ba da maki a can, babu mai tilasta wa kowa zuwa. Suna haɗuwa ne su ƙera manhajoji, su koya wa ƙananan ɗalibai, su shirya wa gasar jami'o'i ta ƙarshen shekara. Kulob ɗin yana da dokoki biyu. Ta farko, ba a aiki mutum ɗaya: biyu-biyu ake zama a kwamfuta ɗaya, wannan na bugawa, wancan na gefe yana farautar kuskure, in an jima a yi musanya. Ta biyu, in abu ya lalace ba a tambayar wa ya ɓata, sai dai a tambayi me ya faru.

A wannan zama na biyu-biyu aka haɗa ta da Caja. Sunan ya samo asali daga tsohuwar kwamfutarsa, wadda batirinta ya mutu tun suna shekarar farko. Kullum cajar na rataye a wuyansa, kullum shi ne na farkon zuwa don ya kama soket. Yaro ne siriri marar hayaniya, in ya ga kuskure a aikinta ba ya cewa ta yi kuskure, sai ya ɗan yi tari. Ita kuma ga baki. Tun tana ce masa ya je ya sha maganin tari, har ta wayi gari in bai yi tarin ba sai ta juya ta duba ko lafiya. Shirinsu shi ne su gama karatu, sannan ya turo iyayensa. Ko Umma ba ta sani ba.

Manhajar da suke ginawa don gasar kuwa, saboda Baba ta kawo shawararta. Baba yana da hawan jini, yana kuma da taurin kai, kuma na biyun ya fi na farkon haɗari. Maganin safe da na yamma Umma ke tsare shi ya sha, amma na rana, da ke riskarsa a shagonsa na kayan gini, sai ya ga dama. Don haka manhajar za ta riƙa tura wa marar lafiya saƙo in lokaci ya yi, in bai amsa ba ta sanar da danginsa. Tana da makunni guda: in yana kan gwaji, duk saƙon da aka rubuta wayar Auta kaɗai yake shiga; in yana kan gaske, kowa ya samu. Ranar Asabar ɗin Auta ta mayar da shi kan gaske don ta saka lambobin gidansu, aka kira ta waje, ta manta ba ta dawo da shi ba. Caja ya karɓi kujerar, ya rubuta saƙon gwajinsa, ya saita shi ya tashe ta da safe, yana murmushi.

Duk wannan Auta ta yi ƙoƙarin ta faɗa. Ta ce laifinta ne, ita ta bar makunnin. Yaya ya tafa hannu ya ce a ji fa, har ta fara kare shi. Gwaggo ta ce ita dama tun da aka ce yarinya na fita ranar Asabar, ranar da babu lakca, ta san ba kwamfuta ake dannawa ba. Umma ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. A gidan nan tambaya ɗaya aka iya, wa ya yi, kuma an riga an samu amsa.

Kafin shayin ya huce an gama yanke hukunci. Babu ita babu kulob. Waya ta koma aljihun Yaya. Shi zai kai ta lakca, shi zai ɗauko ta. Kafin rana ta take kuwa Gwaggo ta sa an tura mata saƙon ga duk dangi, wai don a taya su addu'a. 'Yan uwan da rabon su da gaida Baba har an manta suka riƙa bugowa suna jajantawa, ana jin dariya a ƙasan muryarsu. 'Ya'yan Kawu suka laƙa mata suna Safe-da-Yamma.

Yaya bai tsaya nan ba. Akwai irin wan da ba ya sanin ajin da ƙanwarsa take, amma ranar tonon silili shi ne a sahun gaba. Asabar ta gaba ya faɗa ɗakin kulob ana tsaka da koyar da sababbin ɗalibai, ya tambayi wane ne ɗan iskan da ake kira Caja, ya wanke shi tas a gaban kowa, tun daga takalminsa da ya sha ɗinki har zuwa iyayen da bai sani ba. Da zai fita ya fizgi wayar cajar daga bango. Kwamfutar ta biyo ta, ta faɗi ƙasa, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Shi da kansa ya ba da labarin a gida yana cin abinci, har da kwaikwayon yadda yaron ya durƙusa yana tattara kayansa.

A bakin Yayan dai ta ji sauran. Wai Caja ya je shago ya durƙusa gaban Baba ya ba da haƙuri, ya ce shi ya rubuta, kuma da aure yake son ta. Baba ya ce in da gaske yake yana ganin girmansa, to ya yi alkawari: babu magana da ita, babu saƙo, babu aike ta hannun ƙawa, sai ranar da shi ya ce. Caja ya yi alkawari. Ya roƙi abu ɗaya tak, a bar saƙon magani ya ci gaba da shiga wayar Baba.

"Na ce masa uban nawa ne ko nasa?" in ji Yaya, yana suɗe yatsa. "Ni zan riƙa tuna masa. A gabansa na toshe lambar manhajar a wayar Baba."

Ya tuna masa kuwa, na 'yan kwanaki.

Abin da ya fi ci wa Auta rai ba tsaron Yaya ba ne, ba kuma sunan da aka laƙa mata ba. Caja ne. Ajinsu ɗaya, amma ya koma can kujerar baya. In ta biyo ta wannan baranda, sai ya juya ya bi waccan. Ta ba ƙawarta saƙo, ƙawar ta dawo da shi yadda ta tafi da shi, ta ce ya toshe kunne ya roƙe ta don Allah kada ta faɗa. Auta ta ce matsoraci ne. Ta ce an daka masa tsawa sau ɗaya ya zubar da ita kamar bai taɓa saninta ba. Ga shi kuma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: da rana ta yi tsaka sai ya sulale daga makaranta, ya dawo lakcar yamma a makare, jiƙe da gumi, ƙafa duk ƙura. Ta ce to, ya samu wata ke nan. Ta ci kukanta a banɗaki ta wanke fuska.

A gida Baba ya daina kallon ta. In ta gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Wata safiya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, ka ɗauki na rana?" Ya ce shi ba yaro ba ne, kuma ba a wurinta zai koyi abin da ya dace ba. In Asabar ta zagayo, takan zauna a ɗaki tana jin agogo, ta san yanzu an bubbuɗe kwamfutoci, yanzu ana rigimar soket, yanzu wata ce zaune a kujerarta. Aikin da ta ɗauko daga ciwon ubanta, wata ce za ta tsaya ta gabatar da shi.

Ranar gasar tana aji aka leƙo aka ce ta zo, Umma na nemanta a asibiti.

Ta tarar da Umma a barandar ɗakin gaggawa, mayafi a karkace, idanu sun kumbura. Gwaggo na gefe tana salati tana leƙen kowa. Yaya na ta buga waya, yana gaya wa duk wanda ya ɗauka cewa shi fa fita ya ɗan yi duba wata mota. Can ƙarshen benci kuwa, riga duk fenti, caja rataye a wuya, Caja ne zaune, mutumin da ya kamata a ce tun asuba yana cikin motar kulob.

Mai walda, maƙwabcin shagon Baba, shi ya kwance mata zancen. Ya ce ai yaron nan tun ranar da aka toshe lambar bai fasa zuwa ba. Kullum rana tsaka sai ga shi a ƙafa, ya tsaya bakin shago ya yi sallama, ya ce, "Baba, lokacin magani ya yi," ya juya. Yaya ya kore shi, ya zage shi, har ruwan wanke buroshi ya watsa masa. Sai ya koma tsallaken titi, ya riƙa ɗaga hannu yana nuna agogo. 'Yan layin suka mayar da shi abin dariya, in sun hango shi sai su ce ga likita ya iso. Shi kuma Baba, don kada a ce yaro ya ba shi umarni, in ya gan shi ma sai ya tura kwalbar maganin cikin aljihun tebur. Yau yaron ya ɗaga hannu bai ga kowa a kujera ba, ga shago a buɗe. Ya tsallako. A bayan gwangwanayen fenti ya same shi kwance, baki ya karkace. Shi ya goya shi har bakin titi.

Auta ta juya ta dubi Caja. Duk gumin nan, duk ƙurar nan da ta yi wa fassara. Ta taka har gabansa.

"Me likita ya ce?"

Caja ya miƙe. Ya dube ta sau ɗaya, ya kawar da kai, ya juya wajen Umma ya ce likita ya ce an kawo shi da wuri, rai dai an samu, sauran sai ya farka.

"Da kai nake magana," in ji Auta. "Ko yau ma? Ko a nan ma?"

Ya ɗan yi tari, irin tarinsa. Idanunsa sun yi ja.

"Umma, ki ce mata ta yi haƙuri. Ba a ba ni izini ba tukuna."

Da ta samu abin jifa a wurin, da ta jefe shi. Ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka, ba ta san ko na haushinsa ba ne ko na kunyarsa. Da yamma ƙawarta ta bugo wayar Umma ta ce an fitar da kulob ɗinsu daga gasar tun zagayen farko. Manhajar ta tsaya cak a gaban alƙalai, kuma mutum biyun da suka san cikinta babu ko ɗaya a wurin. Aikin shekara guda ya tafi a haka.

Baba ya farka, amma ba duka ba. Hannun hagu ya ƙi motsi, magana sai ya jawo ta da ƙyar. Kwanaki yana kallon silin, mai walda na zuwa dubiya yana maimaita labarin ga duk wanda ya shigo, har da ruwan buroshin, Yaya na sunkuyar da kai yana danna waya. Wata rana da rana Baba ya yafito Auta da hannun dama. Ta matso tana ɗari-ɗari. Ya daɗe yana haɗa kalmomin.

"Ran nan... me ya faru?"

Watanni take jiran wannan tambaya a gidansu. Ta zauna bakin gado ta faɗa masa komai: kulob ɗin, zaman biyu-biyu, makunnin da ta manta, da dalilin da ya sa tun farko ta ce a gina abin. Ta ce ba gasa ce ta dame ta ba, kwalbar da take gani a aljihun rigarsa ba ta raguwa ce ta dame ta. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa da ya mutu, bai ma ji shi ba. Ita ta share masa.

Ya ce a kira yaron. Ba a yi nisa ba wajen nemansa, yana baranda, don lokacin magani ya kusa. Ya shigo ya durƙusa. Baba ya dube shi, ya dubi takalmin da ya ƙara lalacewa.

"Ka... yi mata magana."

Gwaggo ta gyara zama ta baza kunne, tana jiran a sake kawo zancen safe da yamma. Caja ya juyo, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Auta, kin ci abinci?"

"Wata nawa ka yi kana shirya magana, abin da ka samo ke nan?" ta ce, tana dariya tana kuka. "Allah ya shirye ka."

Umma ta ce amin da ƙarfi, ta juya tana gyara filas ɗin da ba ya buƙatar gyara.

Bayan sun gama karatu aka yi auren. Amma kada wani ya ce komai ya koma daidai, don bai koma ba. Hannun Baba bai dawo ba, shagon ya koma hannun Yaya, kuma kowa ya ga yadda kantocin suka fara yin fili. Gasar ta wuce, ba a maimaita wa ɗan shekarar ƙarshe. Yaya bai taɓa buɗe baki ya ce a yafe masa ba. Abin da ya iya shi ne gaya wa mutane cewa shi dama tun ganin farko ya san yaron kirki ne, gwada shi kawai yake yi. Gwaggo kuwa har gobe tana cewa ba don ta yaɗa saƙon ba da ba a yi auren ba. Caja ya sayi sabuwar kwamfuta, amma tsohuwar mai tsagaggen gilashi tana nan a saman kabad, Auta ta hana a yar.

Kowace Asabar su biyun suna komawa ɗakin nan mai fanka mai kuka, suna koya wa na baya. Auta ta ƙara musu doka ta uku: kafin ka tashi daga kujera, ka duba makunni. In sababbin ɗalibai suka tambayi dalili, sai Caja ya yi tari.

Haƙurinsa ya biya shi, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya riƙe alkawari a ranar da riƙonsa ke ƙuna ya cancanci a ba shi amana. Sai dai haƙurin yaro ba ya goge abin da fushin manya ya ɓata. Iyaye da yayye, in 'yarku ta yi kuskure, ku tambaye ta me ya faru kafin ku nemi wanda za ku tozarta. A gidan su Auta tambayar nan ta zo, amma sai da ta ci hannun mutum guda kafin ta iso.

Yanzu kullum rana tsaka wayar Baba takan yi ƙara a kan tebur. Yakan lallaɓa ya buɗe kwalbar da hannu ɗaya, ya haɗiye, sannan ya danna amsa da babban yatsan dama: na sha.